Dutse a Kan Murfi

A El Alto, garin da ya hau tudu
har gajimare kan ratsa ta ƙasan taga,
akwai ɗaki a saman shagon dankali.
Nan Nélida Apaza ke kwana zaune,
hannun hagu cikin safa, na dama riƙe da alƙalami,
tana koya wa kumfa tafiya.

Tambayar ba tata ba ce.
Ubaldo ne, ɗan yayarta mai shekara bakwai,
ya dawo da ita daga hutun Santa Cruz:
"Can ƙasa, kafin rana ta take wake ya nuna.
Nan ruwa na ta ihu tun safe,
wake kuwa tsakuwa. Me ya sa?"

Amsar minti uku ce kacal,
amma minti uku zane dubu biyu ne da ɗoriya,
goma sha biyu ga kowace daƙiƙa,
ga sanyi na cizon yatsu.
Ta zana iska kamar tafin hannu, ta goge.
Ta zana ta da kibiyoyi, ta ga jarrabawa ce, ta goge.
Daren Laraba sanyi ya kora ta gado,
ta ja bargo ɗaya, ta ƙara, ta ƙara,
nauyinsu ya zauna mata a ƙirji.
Zumbur ta miƙe.

Iska barguna ce jibge a kan duniya.
Na bakin teku duka yake ɗauke da su,
mu na kan tudu an rage mana kaya.
Ruwan tukunya kuwa yara ne a aji, ido na ƙofa.
Can ƙasa nauyi ya danne su,
sai zafi ya cika ɗari suke ɓallewa.
Nan, tun ana tamanin da shida sun tsere,
sun bar wake da zafin da bai ishe shi ba.
Ta rubuta a ƙasan hoton:
yawan ihu ba shi ne zafi ba.

Mako biyar. Ta kira mahaifiyarta ta gani.
Doña Fermina ta hau bene tana haki,
ƙasar dankali a faratanta,
ta kalli kumfa masu ido suna tsalle, ko murmushi.
"Tukunyarki ba murfi."
"Don a ga ciki ne, inna."
"Wa ke dafa wake a buɗe?"

Ta sauka. Ta dawo da wani dutse,
baƙi ƙirin da hayaƙi, sumul da shafa,
wanda uwarta ta tsinto a bakin tafki.
"Shekara arba'in ina ɗora shi kan murfi.
Ban san zancen barguna ba.
Na dai san in ka tare wa tururi hanya,
wake kan yi ladabi."

Nélida ta auna shi a tafinta.
Ta san abin da yake ƙarawa kaɗan ne,
tukunya mai shewa ta fi shi nesa,
amma hanyar ɗaya ce:
tsohuwa na mayar da bargon da tudu ya kwashe.
Ta ƙara daƙiƙa goma sha ɗaya,
zane ɗari da talatin da biyu,
hannu mai ƙasa a farce yana saukar da dutse.

Ubaldo ya kalla sau biyu a wayar kakarsa,
baki sake, miya na hucewa a gabansa.
Da ya ƙare bai ce ya gane ba.
Ya ɗaga kai sama, ya ce,
"To, bargunan nan,
wa ya riƙe su ba su zame ba?"

Nélida ta hura yatsunta,
ta jawo sabon shafi.